A fim ɗin talaka, kunne ya girmi ido

Ranar Juma'ar da ta wuce, bayan an sauko daga masallaci, wani ƙanena ɗan unguwarmu a nan Madarumfa ya tare ni da salula a hannu. Hoton wata kyamara ya nuna mini, baƙa wuluk, da dogon gilashi a gaba. Ya ce, "Yaya, na tara jika ɗari huɗu, kuɗin noman rani da na ragon da na sayar. Wannan nake so a sayo mini daga Kano mu fara fim ɗinmu." Na tambaye shi nawa ya ware wa sauti. Ya dube ni da mamaki, ya ce ai kyamarar tana ɗaukar magana.

Na ga ya dace in ba shi amsa a nan, don ba shi kaɗai ba ne. Ra'ayina shi ne, mai ƙaramin jari ya fara sayen makirfo, sannan batir, sannan gilashin kyamara da 'yan fim ke kira lens. Ita kyamarar ta zo ƙarshe, da abin da ya rage.

Ni ma sai da na sha wuya na gane haka. Shekarun baya muka yi hayar kyamara mai tsada daga Maraɗi, muka tafi bakin tafki cikin hunturu ɗaukar wata fitowa ta uba da 'yarsa suna jayayya a kan aure. Hoto ya yi kyau ƙwarai: kwalekwalen masunta, tsuntsaye, rana tana faɗuwa a kan ruwa. Da muka zuba a kwamfuta, ba abin da ake ji sai gurnanin iska da ƙarar injin ban-ruwa, can kuma kabu-kabu yana wucewa. Kyamarar tana nesa da bakinsu kamar mita huɗu. Muka ce za a ɗora murya daga baya. Dattijon da ya fito a uba ya yi ta ƙoƙari, amma maganar da ta fito masa daga zuciya a bakin tafki ta ƙi dawowa a ɗaki, baki da murya suka ƙi haɗuwa. Har yau fim ɗin yana kwance.

Dalilin ba ɓoyayye ba ne. A fili, in ka ninka nisan da ke tsakanin baki da makirfo, ƙarfin muryar da ke isa gare shi yana komawa kashi ɗaya cikin huɗu, hayaniyar gari kuwa tana nan yadda take. Ƙaramin makirfo mai araha da ke maƙale a ƙirjin ɗan wasa ya fi na miliyan da ke can jikin kyamara.

Sannan mu dubi masu kallonmu. Yawancinsu a salula suke kallo, an tura musu a memori, ko sun buɗe YouTube sun rage kyawun hoto don kada kuɗin intanet ya ƙare. Uwar gida tana tuƙin tuwo, ta jingine salula a jikin turmi, rabin fim ɗin da kunne take bin sa. Wannan 4K da ake ta kurari da shi bai isa gare ta ba. In ka ji ana hirar Labarina ko Izzar So a majalisa, maganganun 'yan wasa ake maimaitawa. Ban taɓa jin wanda ya tambayi sunan kyamarar ba.

Tarihinmu ma ya nuna haka. Fim ɗin Moi, un noir na Jean Rouch da ya fito a 1958, wanda Oumarou Ganda ya yi suna da shi, da ƙaramar kyamara marar ɗaukar sauti aka yi shi a Abijan. Daga baya Ganda ya zauna yana kallon hoton yana magana a kai, kuma wannan muryar ce ran fim ɗin. Shi ne kuma ya zo ya ci babbar kyautar FESPACO a Wagadugu a 1972.

To me za a saya? Makirfon maƙalawa irin Boya BY-M1 ana iya jona shi da salula, a saka salular a aljihun ɗan wasa. In da hali a ƙara 'yar na'urar naɗar sauti irin Zoom H1n, a ɗaure ta a kan gora, wani ya riƙe saman kan 'yan wasa. Kafin kowace ɗauka a tafa hannu sau ɗaya a gaban kyamara, mai tacewa zai daidaita hoto da murya a kan wannan tafin. Rigar gashin nan da ake sa wa makirfo saboda iska dole ce daga Nuwamba zuwa Fabrairu. Kuma lallai wani ya sa iyafis a kunne yana sauraro lokacin ɗauka, don sabuwar shadda tana ƙara in ta gogi makirfo, hijabi kuma yana danne murya, ba za ka sani ba sai da kunnenka.

Game da kyamara ta hannu, a duba jikinta kafin a biya. Sony a6000 hotonta mai kyau ne, amma ba ta da ramin jona makirfo irin na yau da kullum. Canon 600D tana da ramin makirfo, ba ta da na iyafis, kuma takan tsaya da kanta bayan kamar minti 12 na ɗauka. A tuna da zafin Afrilu da ke haura digiri 40, da ƙurar da ke shiga ciki duk lokacin da aka cire gilashi a waje. Batun batir kuwa, wanda ya ga yadda wuta ta yi mana bayan Najeriya ta yanke layinta a Agustan 2023 ba ya buƙatar wa'azi. Batir uku da ƙaramar sola sun fi mini ƙarin kyawun hoto.

Gilashin 50mm f/1.8 shi yara ke so, saboda yana dushe bayan mutum. Yana da araha, yana kuma taimako in haske ya yi ƙaranci. Sai dai a kan irin waɗannan kyamarori yana matso da abu sosai, ɗakunanmu kuma ƙanana ne: za ka yi ta ja da baya har ka fita tsakar gida mutum biyu ba su shiga hoto ba. Na 18-55mm da ke zuwa tare da kyamara, wanda ake rainawa, ya fi amfani a ɗakin ƙasa. Kuma in ka dushe bayan, mene ne amfanin zuwa bakin tafkin?

Ƙanen nawa yana da hujja ɗaya da ban iya turewa ba. Ya ce da bidiyon biki zai riƙa mayar da kuɗinsa, kuma uwar amarya ba za ta biya wanda ya zo mata da salula ba. Gaskiya ne, a wurin biki girman kyamara shi ne talla. Amma wannan sana'ar biki ce, a kira ta da sunanta. In fim ake so, yaran The Critics na Kaduna da salula mai fasasshen gilashi suka fara, duniya ta san da su a 2019. Ranar da aiki ya buƙaci babbar kyamara, a yi hayarta ta kwana biyu.

Mun rabu a kan zai ari makirfona ranar Asabar, ya ɗauki fitowa ɗaya sau biyu a bakin tafki, ɗaya da shi, ɗaya babu, ya kunna wa mahaifiyarsa ba tare da ya gaya mata komai ba. Kuɗin dai suna hannun yayarsa har zuwa lokacin.