Wa Zai Yi Wa Jiniya Zambo?

'Yan uwa marubuta, akwai maganar da ta daɗe tana ci mana tuwo a ƙwarya, yau kuwa sai mun amayar da ita, wanda zai ji haushi ya ji.

Ranar 12 ga Nuwamba, 2013, wata mota daga ayarin gwamnan Kogi na lokacin, Idris Wada, ta afka wa motar da ke ɗauke da Farfesa Festus Iyayi a kusa da Lakwaja, ya rasu. Yana hanyarsa ta zuwa Kano ne taron ƙungiyar malaman jami'o'i. Marubuci ne irinmu, littafinsa Heroes ya ci kyautar marubutan Kwamanwel a 1988. Ba a cika shekara ba kuma da hatsarin da gwamnan nan ya yi a Disamba 2012, inda dogarinsa ya rasa ransa. To, mu tambayi kanmu tsakani da Allah, wane gajeren labari, wace waƙa, wane wasan kwaikwayo muka karanta a taronmu a kan haukan gudun manya?

Mu da ke zaune Tambuwal, bakin titin da ya taso daga Sakkwato ya nufi Jega, ba labari ake ba mu ba. Da an ji jiniya, mai jaki da mai kabu-kabu da ɗalibanmu masu tsallaka titi kowa sai ya faɗa daji. Mutumin Kebbe da ya kawo gero kasuwa ya tsaya yana kakkaɓe ƙura, alhali da ƙuri'arsa aka hau motar.

In an tayar da zancen sai wasu daga cikinmu su ce wai hatsari ƙaddara ne, wai ba a wasa da mutuwa. Wa ya ce a yi wa mamaci dariya? Mai rai muke nufi, wanda ya ce wa direba ya taka, in an yi ɓarna kuma ya aika da buhun shinkafa gidan makoki, a ɗauki hoto. Ƙaddara ba ta hana a ɗaure raƙumi ba.

A Amurka, cikin Yulin 1969, Sanata Edward Kennedy ya faɗa ruwa da mota a Chappaquiddick, Mary Jo Kopechne da ke ciki ta mutu, bai sanar da 'yan sanda ba sai da gari ya waye. Kotu ta yanke masa wata biyu, ta kuma jingine hukuncin. Amma masu barkwanci ba su jingine nasu ba, suka yi ta caccakarsa shekara da shekaru. Ya mutu yana sanata a 2009, fadar shugaban ƙasa kuwa bai shige ta ba.

Kada wani ya ce wannan ɗabi'ar Turawa ce. Zambo da habaici gadonmu ne. Makaɗan fada sun yi, 'yan tashe suna yi, Sa'adu Zungur da Mudi Sipikin ba su raga wa masu mulkin zamaninsu ba.

Gaskiyar da muke ɓoyewa ita ce ranar ƙaddamar da littafi. Mai jiniyar nan shi ne babban baƙo, shi zai sayi kwafi ɗaya da kuɗin da albashinmu na shekara bai kai ba, mu kuwa bakin da ya ci shi ke godiya. Mu ma mun taɓa tafawa a irin wannan zaure, ba mu wanke kanmu ba.

Muna roƙon edita ya ware shafi biyu a fitowa ta gaba domin zambon ayarin manya, a ga ko mutum nawa za su aiko da rubutu da sunansu na yanka.