SHARHI: Buɗe Hanya Daban, Zuwan Baƙi Daban

A ranar 1 ga watan Yuli na shekarar 2020 ne Gwamnatin Tarayya ta ɗage dokar hana zirga-zirga tsakanin jihohi, wadda ta kafa domin daƙile yaɗuwar cutar korona. Bayan mako guda jiragen sama na cikin gida suka koma aiki, na ƙasashen waje kuwa sai a ranar 5 ga Satumba. A lokacin an yi ta muhawara kan ko matakin ya yi gaggawa, ganin cewa cutar ba ta lafa ba, allurar rigakafi kuma ba ta iso ƙasar nan ba sai a watan Maris na 2021. A ganina buɗewar ta yi daidai. Inda aka kuskure shi ne wajen zaɓen abin da za a buɗe da abin da za a bari a rufe, kuma garin Potiskum na Jihar Yobe ya isa misali.

Duk ɗan kasuwar da ya san hanyar Kano zuwa Maiduguri ya san Potiskum. Gari ne na mahaɗar hanyoyi da manyan motoci, kuma kasuwar shanunsa da ke ci ranar Laraba tana cikin mafiya girma a Afirka ta Yamma. An buɗe hanya saura wata guda Babbar Sallah, wadda ta faɗo ranar 31 ga Yuli a waccan shekara, wato daidai lokacin da fatake ke lodin raguna da shanu zuwa Kudu. Babu mai hankalin da zai ce a toshe wannan ciniki, domin abincin dubban gidaje ne, tun daga makiyayi da dillali har zuwa direba da yaron mota da mai tuwo a bakin kara.

To amma a daidai lokacin ne aka dakatar da hawan Sallah a Kano da Katsina da Zazzau da sauran masarautu. A nan ne lissafi ya ƙi fita. Idan cunkoso ake gudu, wanda ya taɓa shiga kara ana jajibirin Layya ya san cewa filin hawa bai fi shi matsatsi ba, ga shi kuma kasuwa duk mako take ci, hawa kuwa sau biyu ne a shekara. Abin da ya raba su kawai shi ne hukuma na ɗaukar ɗaya a matsayin sana'a, ɗayan kuma a matsayin wasa. Alhali kuwa bayan kowane doki da aka yi wa ado akwai baduku da maƙeri da maɗinki da makaɗi da mai sayar da harawa, ga masu masauki da masu motocin haya. Alƙaluman Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa sun nuna cewa tsakanin Afrilu da Yuni na 2020 tattalin arzikin ƙasa ya ja baya da kashi 6.1 cikin 100, amma sashen masaukai da gidajen abinci ya faɗi da kimanin kashi 40 cikin 100. Da Gwamnati ta fito da asusun tallafa wa ƙananan masana'antu na Naira biliyan 75, sai ta gindaya sharaɗin rajistar kamfani ga mai neman a biya masa albashin ma'aikata. Wane baduku ne a Potiskum ko Gashuwa yake da irin wannan takarda?

Har ila yau, irin yawon shaƙatawar da Yobe ke iya sayarwa shi ne mafi ƙarancin haɗari a lokacin annobar da ke yaɗuwa ta numfashi, domin duk a sarari yake. Akwai dausayin Dagona a ƙasar Bade, inda tsuntsaye daga Turai ke sauka a lokacin hunturu, wurin da Yarima Philip, mijin Sarauniyar Ingila, ya ziyarta a 1989. Akwai Tulo-Tulowa a Ƙaramar Hukumar Yusufari, tudun rairayi da dabino da ruwa a gefen hamada. Akwai kuma kwalekwalen Dufuna, wanda wani makiyayi ya ci karo da shi yana haƙa rijiya a 1987, masana suka ce ya kai shekara 8,000, wato mafi tsufa da aka samu a nahiyar Afirka. Mutum goma a mota biyu za su iya zagaya waɗannan wurare ba tare da sun goga kafaɗa da kowa ba. A shekarar da ba a je aikin Hajji daga ƙasar nan ba, masu hali kuma suka rasa hanyar Dubai da Landan, kuɗin hutu ya zauna a aljihu yana neman inda za shi. Kaɗan ne ƙwarai ya nufo Yobe.

Dalili kuwa ba korona ba ce, kuma ya kamata mu faɗa wa kanmu gaskiya. An rufe ƙofar Yobe ga baƙi tun kafin a ji sunan cutar: tun harin da aka kai kasuwar shanun Potiskum a watan Mayu na 2012, da dokar ta-ɓaci da aka sa wa Barno da Yobe da Adamawa a Mayun 2013. Falke zai jure shingen bincike ashirin saboda riba na jiransa a gaba. Mai zuwa kallon tsuntsu da iyalinsa kuwa, labari ɗaya ya isa ya sa shi sauya hanya zuwa Yankari, ko ya yi zamansa a gida. Sanarwa daga Abuja tana iya ɗage shinge, amma ba ta gina masauki, ba ta horar da ɗan jagora, ba ta kuma cire tsoro.

Saboda haka shawarata ga masu jari ita ce su daina jiran Bature mai kyamara, su dubi baƙon da ya riga ya iso. Kowane mako fatake daga Kudu da ƙasashe maƙwabta suna kwana a Potiskum da kuɗi masu kauri, da yawa a cikin mota ko a kan tabarma a tasha. Wanda ya gina musu masauki mai tsabta da ruwa da tsaro zai ci riba tun daga Larabar farko, ko da annoba ko babu. Daga cikin waɗannan ne za a samu wanda zai ƙara kwana ɗaya ya ga fadar Sarkin Fika da kayan tarihinta, wata rana kuma ya dawo da 'ya'yansa a kai su Dagona. Hukumar Lafiya ta Duniya ta janye matakin gaggawa kan korona a watan Mayu na 2023, UNESCO kuma ta sa hawan Sallah na Kano cikin al'adun duniya a Disamban 2024. Abin da ya rage ga Gwamnatin Yobe da masarautunta shi ne su yi rajistar masu sana'ar da ke ci daga bukukuwa, suna da unguwa da sana'a, domin a san wanda za a biya ran da aka sake cewa kada a hau.