Tsaron intanet: aiki na neman ma'aikata, ma'aikata na neman aiki

A shekarar 2024 ƙungiyar ISC2 ta ƙwararrun tsaron kwamfuta ta ƙiyasta cewa duniya na da giɓin ma'aikata kusan miliyan 4 da dubu 800 a wannan fanni. Amma kuma matasa masu takardun shaida na ta yawon neman aiki. Mi ya kawo haka?

A ganinmu, abubuwa uku ne ke juya akalar ɗaukar ma'aikatan.

Na farko, tsoro. A 2016 ɓarayin intanet sun kwashe dala miliyan 81 na babban bankin Bangaladash. A 2017 ƙwayar cutar kwamfuta ta WannaCry ta tsayar da aiki a asibitocin Ingila da dama. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, shi ya sa bankuna da kamfanonin wayar salula suka shiga neman masu toshe tsaga.

Na biyu, doka. Tun 25 ga watan Mayu na 2018, dokar Tarayyar Turai ta tilasta wa ma'aikatun gwamnati da wasu kamfanoni naɗa jami'in kare bayanan jama'a, kuma tara na iya kai kashi 4 cikin 100 na cinikin shekara. A 2023 kamfanin Meta, mai Facebook, ya sha tarar yuro biliyan 1 da miliyan 200. Mu ma a Nijar, dokar 2017 ta kafa hukumar HAPDP mai kare bayanan 'yan ƙasa, a 2019 kuma aka kafa dokar yaƙi da laifuffukan intanet. Ke nan ba injiniya kaɗai ake nema ba, har da masanin shari'a.

Na uku, kuɗi, kuma nan gizo ke saƙa. Horar da sabon hannu na cin lokaci da dukiya, don haka kamfanoni sun fi son wanda ya riga ya goge. Gogaggen kuwa, kamfanin waje na iya ɗaukarsa yana zaune a Yamai, da albashin da namu ba su iya biya.

Idan kowa na jiran gwani, wa zai koyar da ɗan koyo? Ya kamata bankunanmu da kamfanonin aika kuɗi su buɗe wa ɗalibai ƙofar koyon aiki tun yanzu, domin ajiyar talakawa da sirrinsu ne ke hannunsu. Allah ya sa a ji.