Muna zubi a adashin wuta, me ya hana mu kwasa?

Duk mai shago a Silver Spring ko Hyattsville, don Allah ya ɗauko takardar kuɗin wutarsa ta Pepco ya duba da kyau. Zai ga wani ƙaramin caji na EmPOWER Maryland da yake biya kowane wata. Shirin ya samo asali ne daga dokar da jihar ta yi a 2008, don taimaka wa gidaje da wuraren kasuwanci su rage shan wuta. A cikin birnin Washington kuwa, DCSEU ce ke wannan aiki tun 2011, ita ma da kuɗin da ake ɗorawa kan takardun wuta da gas.

Da kuɗin nan ake rage wa ɗan kasuwa tsadar sauya fitilu zuwa LED, da sabunta firji ko na'urar sanyaya ɗaki. Mai shagon naman halal da firjinsa ke aiki dare da rana ya fi kowa sanin ta inda riba ke zurarewa.

Amma sai ka ji mutanenmu na cewa, "Ai haya nake, ginin ba nawa ba ne." To, wa ke biyan wutar? Idan mita da sunanka take, ka tambaya. In ana bukatar sa hannun mai gida, ka kai masa takardar, ai gininsa za a gyara.

Manyan kamfanoni ba sa jin kunyar karɓa. Mu ma da guminmu a ciki. A kira lambar da ke jikin takardar a wannan makon.