Kada A Sayar Da Tangaran Na Gado Kafin A San Asalinsa

Sau da yawa idan tsohuwa ta rasu a Tafa ko a Suleja, aka zo rabon gado, sai a tarar da waɗansu faranta da kofuna da butocin shayi a ƙarƙashin gado ko cikin kabad, babu tambari ko rubutu a gindinsu. Magada sai su ɗauke su tarkace ne, su sallama wa dillali a kan kuɗi kaɗan. Alhali kuwa rashin sani ya fi dare duhu, domin a wannan yanki musamman akwai dalilin da zai sa a dakata.

Abu na farko shi ne a rarrabe irin kayan. Tangaran na ainihi da farar laka ake yinsa, a gasa shi da wuta mai tsananin zafi. Idan aka ɗaga shi a gaban fitila, haske yakan ɗan ratsa shi, in kuma aka ƙwanƙwasa shi da farce sai ya yi ƙara kamar ƙararrawa. Irin wannan daga ƙetare ya zo, watau Sin ko Japan ko Turai. Sinawa ne suka fara yinsa, Turawa ba su gano sirrinsa ba sai wajen 1710, lokacin da aka kafa masana'antar Meissen a Jamus. Rashin tambari kuwa ba shaidar tsufa ba ne, gama da yawa takarda aka liƙa musu, wanki ya tafi da ita. Sai a dubi zanen: na hannu yakan nuna sawun buroshi, kuma furanni biyu ba sa zama daidai wa daida, na inji kuwa duk bai ɗaya ne.

Idan kuma abin yana da nauyi, haske ba ya ratsa shi, gindinsa yana da kaushi, fuskarsa tana sheƙi da launin ƙasa-ƙasa ko baƙi ko tsanwa-tsanwa, to, mai yiwuwa ɗan gida ne. A 1951 wani Bature mai suna Michael Cardew ya zo garin Abuja na da, wanda yanzu ake kira Suleja, ya kafa makarantar koyar da ginin tukwane a zamanin Sarki Sulaimanu Barau. A gidan Sarkin ne ya fara ganin tukwanen Ladi Kwali, wadda ta shiga makarantar a 1954, ita ce mace ta farko. Ta sami digirin girmamawa daga Jami'ar Ahmadu Bello a 1977, ta rasu a 1984, hotonta ne kuma a bayan takardar naira 20. Kayan makarantar sukan ɗauki ɗan hatimi mai sunan Abuja da haruffan Larabci, tare da na maginin, kamar LK ko MC. Hatimin ƙarami ne ƙwarai, wani lokaci yana kusa da gindi ko ƙarƙashin mariƙi, har ruwan sheƙin yakan cike shi. Saboda haka wanda ake cewa ba shi da tambari, wata sa'a ba a duba da kyau ba ne. Irin waɗannan kaya masu tara kayan tarihi a Ingila da Amurka suna nemansu da tsada.

Game da amfanin abu kuwa, siffarsa ita ke faɗa. Randar Gwari da ba a yi wa sheƙi ba tana tsattsafo, shi ya sa take sanyaya ruwa. Amma manyan tukwanen da Ladi Kwali ta gina a makarantar, masu zanen kunama da ƙadangare da kada da kifi, an shafe su da sheƙi an gasa, sun yi nauyi, ba sa tsattsafo, don haka na ado ne. Farantin da gindinsa ya goge, cikinsa kuma akwai sawun cokali, an ci abinci da shi. Wanda yake sumul kuwa jere aka yi da shi a ɗakin amarya.

Shawara ga magada ita ce, kada a goge irin waɗannan kaya da toka ko yashi, kada a liƙe wanda ya tsage da gam. A tambayi tsofaffin gida yadda aka same shi, a kasuwa aka saya ko tsarabar aikin Hajji ce, a rubuta a ajiye. Sa'an nan a nuna wa ma'aikatan gidan tarihi, kamar na Jos da aka buɗe a 1952, wanda yake da tarin tukwane daga sassan ƙasar nan. Haƙƙin marayu yana cikin wannan al'amari, kuma abin da aka sayar da garaje ba ya dawowa. Allah ya sa mu gane.