Kira ga Fatake da Malamai Masu Zuwa Kurmi: Ku Ziyarci Elmina

Da yawa daga cikinmu sukan sauka zangon Kumasi neman goro, su gama ciniki su juyo, ba su ƙarasa bakin teku ba. Ni ra'ayina, wanda Allah ya hore wa guzuri ya ƙara yini biyu, ya je ya ga gidan yaƙi na Elmina, kusa da Kef Kos.

Turawan Fotugal suka gina shi a shekarar 1482 saboda cinikin zinariya. Mutanen Holanda suka ƙwace shi a 1637, sa'an nan ya koma hannun Ingilishi a 1872. A nan suka tsare Sarkin Asante Firemfe a 1896 kafin su fid da shi daga ƙasarsa. Yau baƙi ke shiga su biya kuɗin ƙofa, ɗan jagora ya zaga da su. Zai nuna muku ɗakunan ƙasa, masu duhu da ƙarancin iska, inda a ke tara bayi maza dabam mata dabam, da barandar da gwamna kan tsaya yana kallon matan, da wata 'yar ƙofa ƙuntatacciya wadda mutum ɗaya kaɗai ke iya ratsawa zuwa jirgin ruwa. Wanda ya fita ta nan ba ya komowa.

To, galibin baƙi sukan fito suna la'antar Nasara, kuma sun cancanci haka. Amma Nasara ba su cika shiga daji da kansu ba, a bakin teku su ke saye. Su wa suka kai musu? Gwanja da Dagomba sun daɗe suna biyan Asante haraji da bayi, Asante kuwa na sayar wa Holanda a Elmina. Kasuwar Salaga, wadda kakanninmu suka yi ta kai wa kanwa da tufafi da shanu su sayo goro, ita ma babbar kasuwar bayi ce, ayarinmu kuma ba su rasa hannu a ciki ba. Wannan magana ba ta da daɗi a kunnen Bagwanje, amma haka ta ke.

Ku kuwa malamai, kun san Shehu Ahmad Baba na Tambutu ya rubuta Mi'irajus Su'udi tun 1615, ya ce baƙar fata ba hujjar bautarwa ba ce, ya kuma lissafa Kano da Katsina cikin ƙasashen da bai halatta a bautar da mutanensu ba. Hukunci yana cikin littafi, kwaɗayi ya rinjaye shi. Saboda haka in kun tashi zuwa, ku ɗauki manyan almajiranku, ku karanta musu wannan fatawa tun a mota, kuma kada ku bar su da ɗaukar hoto a cikin ɗakunan nan, gama mutane da yawa sun cika a ciki. Haza wasalam.