FILIN KIWON LAFIYA: Mayen ƙarfe da ciwon damuwa

Kowa ya san mayen ƙarfe, wanda yara ke cirowa daga cikin matacciyar rediyo suna jan allura da shi. To, yanzu likitoci na aiki da irin ƙarfinsa wajen maganin ciwon damuwa.

Ciwon damuwa ba ɓacin ran kwana biyu ba ne. Mutum ya yi makonni ba barcin kirki, abinci ba daɗi, gona ta gagare shi, hira ta gundure shi, wani har ya ji rayuwa ta ishe shi. Sai a ce raggo ne, alhali ciwo gare shi. Likitoci sun lura cewa ga masu wannan ciwo, sau da yawa gaban ƙwaƙwalwa ta wajen hagu aikinsa kan yi sanyi.

A shekarar 1985 wani masani, Anthony Barker, da abokan aikinsa a birnin Sheffield na Ingila suka haɗa na'urar. Waya ce naɗaɗɗiya kamar gammo. In aka sakar mata lantarki sai ta zama mayen ƙarfe, ƙarfinta ya ratsa ƙoƙon kai ya zaburar da ƙwaƙwalwa. Ba yanka, ba allurar barci. A 2008 hukumar magunguna ta Amurka ta yarda a yi ma masu damuwar da ƙwayoyi suka kasa.

Ranar farko likita kan ɗora gammon a kai, yana ƙara ƙarfi kaɗan-kaɗan har babban yatsan majinyaci ya motsa da kansa. Da wannan yake gane awon da ya dace da shi. Daga nan mutum na zaune bisa kujera, idonsa biyu, yana jin ƙas-ƙas-ƙas wajen minti 20 zuwa 40, kwana 5 a mako, har mako 4 ko 6. A 2018 an yarda da wata hanyar ta minti 3 kawai.

Amma fa ba kowa ke warkewa ba, wani ma ciwon kan dawo mashi. Akan yi ciwon kai, jefi-jefi kuma a samu mai faɗuwa kamar farfaɗiya. Mai ƙarfe cikin kai ba a yi mashi. Ga tsada kuma. Ko a can ƙasashen, sai an fara da ƙwayoyi da zantawa da likita. Saboda haka mai ɗan'uwa cikin wannan hali kada ya tsaya jiran na'ura, ya kai shi gidan likita mafi kusa, kuma kada a bar shi zaman ɗaki shi kaɗai.